Kada Ya Fi Hawaye Gishiri

Sau uku Jannatu ta doki kwaɗon da dutse kafin ya buɗe. Akwatin kimiyya ne na Malama Felicia, wanda ko ƙuda ba ya sauka a kansa sai da izini, amma yau ba ranar neman izini ba ce. Ta ture maganaɗisu gefe, ta kwashi kwalaben lemo biyu da ƙaramin cokali da kwalin sukari, ta haɗa da littafin kiwon lafiya, ta zura a guje.

Alhamis ce, cikin daminar 1996. Mazan rugar duk sun kora shanu kasuwar Maigatari, Malama kuma an kira ta taro a Gumel. Asibitin Gagarawa tafiyar rabin yini ce, ga hanya ruwa ya cinye. Manu kuwa, ɗan ajinsu, tun hantsi yake amai da gudawa kamar an kwance bakin salka. Wannan ciwo ya riga ya ɗauke yara biyu a rugar cikin mako guda.

Jannatu ba wata haziƙa ba ce a aji biyu na makarantar 'ya'yan makiyaya. Ranar da ta fara zuwa, yara har faɗuwa suka yi don dariya. Ta bar musu bencinsu, ta shimfiɗa tabarma can baya, inda take hango ƙeyar Manu. Shi ne zakaran aji, ita kuwa sai ta bi harafi da yatsa tana haɗa gumi. Ko gaisuwa ba ta haɗa su a gaban mutane, amma ba ta taɓa fashi ba.

Wata uku da suka wuce Malama ta zo da reshen alayyahu biyu da suka yi yaushi. Ta tsoma ɗaya a ruwa, ta bar ɗaya a rana. Kafin a tashi na ruwan ya miƙe garau, ɗan'uwansa ya kwanta. "Jikinku ma haka yake," in ji ta. Sannan ta karanta musu wani shafi, ta sa kowa ya haɗa ruwan gishiri da sukari da hannunsa, ya ɗanɗana. Manu ya yamutsa fuska ya ce gara kindirmo.

Yanzu ga shi kwance a bukkar kakarsa Inna Mairo, wadda ta riƙe shi tun yaye. Tsohuwar ta fitar da randa waje, ta tsare ƙofa. A saninta ruwa ke ƙara gudawa, kuma da wannan sani aka binne yaran nan biyu.

Jannatu ta durƙusa, kanta a ƙasa. Ba ta taɓa haɗa ido da Inna Mairo ba.

"Inna, don Allah ki bari a ba shi."

"Ke? Ke da kanki?" Tsohuwar ta riƙe haɓa. "Bokon ya cinye miki kunya ne?"

Matan da suka taru suka fara kallon juna. Daga ciki aka ji wani nishi siriri. Jannatu ta tashi, ta ɗauko ruwan da ta tafasa tun kafin ta tafi, ta raɓa tsohuwar ta shige. Su faɗi abin da za su faɗa.

Idanun yaron sun faɗa. Ta ja fatar cikinsa kamar yadda aka nuna musu, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Tsoro ya kama ta har cikin ƙashi. Ta buɗe littafin, haruffa suka yi ta rawa, ga mai karanta wa aji nan kwance bai san inda yake ba. Ta dafa yatsa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ruwa kwalba biyu. Sukari ƙwaya biyar. Gishiri cokali ɗaya, a shafe bakinsa.

Ta zuba gishirin. Ya yi yawa ne? Malama ta ce idan ya yi yawa illa zai yi. Sai ta tuna ma'aunin da ta ba su: kada ya fi hawaye gishiri. Ba sai ta je nema ba. Ta lashi leɓenta, ta kurɓi ruwan ƙwaryar, ta ji sun yi daidai.

Cokali ɗaya. Ya amayar. Ta ɗan dakata, ta sake. Azahar ta wuce tana ɗura masa kaɗan-kaɗan, tana roƙon Allah ya ɗauki nata ran ya bar wannan. Ƙwarya ta ƙare, ta haɗa wata. Ba ta san lokacin da Inna Mairo ta shigo ba, sai dai ta ga hannun tsohuwar ya tallafo kan yaron.

Da la'asar sakaliya ta sake jan fatar. Ta koma.

Manu ya buɗe ido da ƙyar. Ya dubi kwalaben, ya dubi littafin.

"Adda," ya ce a hankali, "akwatin Malama kika fasa?"

Dariya da kuka suka ƙwace mata lokaci guda. Matan na leƙe daga ƙofa, surukarta Inna Mairo na zaune gefenta, amma ta jawo shi ƙirjinta ta ce, "Manu. Manu na."

Shekara bakwai ke nan da ta haife shi, ɗanta na fari, kuma sai yau ta kira sunansa.