Mai Tuta Biyu

Ka ce ka yi wa waɗannan alkawari, ka yi wa waɗancan, kana jira ka ga inda za ta faɗi. To gyara zama, ɗan'uwa, in ba ka misali.

A ƙasar Japan, zamanin da kowane gidan sarauta ke da mayaƙansa na takobi da ake kira samurai, an yi wani ƙaramin basarake mai ganuwa a kan tudu. Gabas da shi babban gida ne, yamma da shi babban gida ne, kuma gidajen nan biyu ba sa ga maciji da juna. Al'adar mutanen ita ce, in za ka yi mubaya'a, fatar baki ba ta isa, sai ka ba da jininka jingina. Ɗa ɗaya tilo gare shi, shi ne magajin gida, shi ya miƙa wa sarkin gabas. Yaron ya girma a can, ya koyi doki da baka a hannunsu har ya zama saurayi. Da ƙarfin yamma ya fara bunƙasa, sai mutumin naka ya aika musu a ɓoye, su ma ya rantse musu. In matarsa ta yi magana, ya ce duk don gidan ya ɗore yake yi, don yaron ya sami abin gado. Mayaƙan ƙasar suna rufe fuska da takunkumin ƙarfe, ba ka gane na wane ne sai da tutar da ya soke a bayansa. Don haka ya sa aka ɗinka wa dakarunsa tuta iri biyu: fara ta gabas a bayansu, ja ta yamma a naɗe cikin buhunan shinkafa. Ɗan ma bai manta da shi ba, ya tura amintattu uku su sato shi daga fadar gabas da zarar runduna ta fita. A ganinsa ya gama wayo, ya manta gaba da gabanta.

Ranar da gidajen biyu suka gwabza, ya jera mutanensa a kan tudu ya tsaya kallo, tun hantsi har rana ta take. Manzon gabas ya zo kiransa ya shiga yaƙi, basaraken ya ce masa dawakinsa ba su sha ruwa ba tukuna. Na yamma ya zo, shi ma haka basaraken ya gaya masa. A gindin tudun akwai wata ƙungiyar mayaƙan gabas, shugabansu yana sanye da kwalkwali mai ƙahon barewa. Wannan jarumi ya ba tudun baya sarai, ko sau ɗaya bai waiwayo ba, kamar wanda ya jingina da katangar gidansu. Da basaraken ya ga sahun gabas ya fara lanƙwasa, sai ya ce a kwance buhuna. Farare suka sauka, jajaye suka hau. Ya nuna da takobi ya ce duk wanda ya kawo masa kan mai ƙahon barewa, ya ba shi gari. Suka gangaro ta bayan mutanen da ba su tsammaci sara daga can ba, kafin la'asar rundunar gabas ta watse.

Akwai wata al'adar tasu, ita ce ke tsaya mini a rai. Bayan yaƙi, matan gida ne ke wanke kawunan manyan da aka kashe, su taje musu gashi, su ɗora kowanne a kan allo, a kai wa wanda ya yi nasara ya gani. Kan mai ƙahon barewa shi ne babban kamu, don haka uwargidan basaraken aka kai wa. Ta cire takunkumin, ta zuba ruwa, jini da taɓo suka sauka. Da ta ɗaga gashin da mataji, sai ga tabon ƙuna a bayan kunnen hagu, wanda garwashi ya yi wa ɗanta tun yana rarrafe. Ta gama tajewa a hankali, ta ɗaure gashin yadda ta ɗaure masa ranar da aka tafi da shi, ta ɗauki allon da hannunta ta ratsa taron, ta ajiye a gaban mijinta, sarkin yamma yana zaune yana kallo. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ga wanda ka yi dominsa." Kashegari amintattun uku suka dawo hannu rabbana, ba su iske yaron a fada ba. Ashe sarkin gabas ya daɗe da jin ƙishin-ƙishin, shi ya sa ya fito da saurayin, ya tsayar da shi a gindin tudun ubansa, yana ganin ba uban da zai bi ta kan ɗansa.

Sarkin yamma ya cika alkawari, ya ƙara wa basaraken filayen kwari uku masu albarkar shinkafa, amma bai taɓa yarda ya tsaya a bayansa a fagen yaƙi ba. Matar ba ta sake yi masa magana ba har ta koma ga Mahaliccinta. Shi kuwa ya yi tsawon rai, ya tsufa tukuf a cikin ganuwar da ba mai gadonta, yana mutuwa yamma ta haɗiye ƙasar har da tudun. Kai ma kafin ka kwance buhunka, ka fara duba wa ke tsaye a gindin tudu. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, munafuncin dodo yakan ci mai shi.