Gudumar Kawu Zahari

Naushin farko a baki ya sami Rumen, ya kife tare da kujerarsa.

"Sau uku, ɗan iska!" in ji Kawu Zahari mai walda, maƙwabcinsa. "'Yata tana naƙuda a Jamus, muna magana a waya, kai kana yanke mana intanet!"

Rumen ne ke raba wa mutanen benensu intanet a birnin Plovdiv na Bulgariya. Wata huɗu yana gyaran manhajar da ke tafiyar da katin sadarwa mai haɗa kwamfuta da intanet, irin wadda 'yan sa-kai ke rubutawa kyauta. Yau ya ɗora gyaran a kan babbar kwamfutar gidan, shi ya sa intanet ɗin ke ta yankewa.

"Kawu, minti biyar kawai..."

Zahari ya shaƙe shi, ya gwara kansa da bango har jini ya wanke masa ido. Sannan ya zaro guduma daga ɗamararsa ya maka wa kwamfutar. Murfin ya lotse, katin ya fincike ya faɗo ƙasa.

Rumen ya rarrafa zuwa gaban allo. Rubutu na ta gudu. Kwamfutar ba ta mutu ba, ta koma kan kati na biyu da ke cikinta da kanta. Matsalar da yake gyarawa ke nan: a da, da kati ya fita ba shiri, sai komai ya mace. Tsoro ne ya hana shi fincike katin da kansa don gwada gyaran.

Ya tofar da haƙori, ya ɗago yana murmushi.

"Kawu, masu duba gyaran manhaja ba sa karɓar gwaji ɗaya. Bari in sa wani katin, ka ƙara bugawa."