Ranar da Motar Sallau Ta Tashi

Tun da aka kafa dokar cewa mota ba ta tashi sai direba ya hura numfashinsa a sitiyari, bas ɗin Sallau take ajiye a tashar Funtuwa, saboda kodin da yake sha. Ranar Talata, bayan wata huɗu bai kurɓa ba, ya zo da mahaifiyarsa. Suka wuce motocin abokansa, waɗanda ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu.

"Yi bismilla ka hura, Auta," in ji ta.

Ya hura. Injin ya yi tari, ya kama.

Tsohuwa ta rangaɗa guɗa, direbobi suna dukan motar suna dariya.

"Inna, ina zan kai ki?"

"Ko'ina! Amma ka fara bi ta ƙofar gidan surukanka, ka danna ham sosai."