Bugu Biyu a Allo Ɗaya

Wata bakwai 'Yar Gilashi tana fasa allurai, shi ya sa abokan aikinta a ɗakin bincike suka laƙaba mata sunan. Aikin a baki ba wuya: ta leƙa madubin ƙara girma, ta manna bakin siririyar allurar gilashi a jikin ƙwayar halitta mai rai, na'ura ta zana lantarkin ƙwayar a allon kwamfuta. Amma ina! Kullum layin a miƙe kamar igiyar shanya.

Yau ce ranarta ta ƙarshe, gobe za ta tafi hutu. Farfesa kuwa ya faɗa ba wasa, in ba sakamako zai miƙa wa wani aikin.

Kujera ta ishe ta, sai ta ture ta, ta jingina da teburin a tsaye, farar rigar aikinta a buɗe, gumi ya jiƙa ta sharkaf. Ta murɗa allurar a hankali.

Layin ya yi tsalle.

Ya ƙara yi. Ga manyan bugu masu tafiyar ƙasaita, ga ƙanana fil-fil-fil a tsakaninsu, sun kusa ninka manyan sauri. Ƙwaya ɗaya da bugu iri biyu! Ba ta taɓa karanta irin wannan ba.

"Baba Injiniya! Zo ka gani, na kama ta!" ta ƙwala wa tsohon da ke kula da na'urorin kira. Har da 'yar rawarta. Da ta ja baya layin ya kwanta, da ta dawo da sauri ya farfaɗo, manyan ma suka ƙara gudu. Daɗi kamar ya kashe ta, har ta fara tsara yadda za ta yi wa Farfesa yanga.

Baba Injiniya ya leƙa madubin, ya daɗe. Sannan ya bi wata waya da yatsa har bakin tebur, inda robar wayar ta saluɓe, ƙarfen cikinta na manne da jiƙaƙƙiyar rigar 'Yar Gilashi. Kafaɗunsa suka fara rawa.

"'Yata, allurarki ko kusa da ƙwayar ba ta je ba."

Shi ke nan, aiki ya tafi.

"To wannan na mene ne, Baba?"

Ya share hawayen dariya, ya nuna allon.

"Manyan nan zuciyarki ce. Ƙananan kuma ta wanda za ki haifa ce wata mai zuwa."