Ya Ƙi Kallon Gabas

Ta sake juya shi gabas, ya sake birkitowa yamma.

Tun da lokotoro a asibitin Maraɗi ya ce su koma Madarunfa su yi ta addu'a, ba ta ƙetare dokin ƙofar ɗakin nan ba. Liman ya ja kunnenta: mai jiran sa'i alƙibla yake kallo. Shi ya sa take kwantar da mahaifinta yana fuskantar bangon gabas, ta zauna bayansa tana jan carbi. Amma da ta ɗan gyangyaɗa, sai ta tarar ya juyo, leɓunansa suna motsi: "Inna… Inna…"

Yamma da gidan ne tsamiyar nan take, inda yake yanka wa iskar da ake kira Inna akuya kafin ya musulunta. Ashe iskar ba ta sake shi ba? Gero ya nuna a gona, 'ya'yanta a Safo sai aike suke yi, amma in ta fita, wa zai mai da shi gabas?

"Baba, don Allah, kalmar shahada," ta ce. "Kada ka cika da sunanta a bakinka."

Ranar da ƙarfinta ya ƙare, ta juya shi, ta zube nan tsakaninsa da bango. Bai birkita ba. Ya ɗora busasshen hannunsa a kumatunta.

"Inna, ashe nan kike."

Sunan uwarsa aka raɗa mata. Rabonsa da kiran ta haka tun tana ƙanƙanuwa.