Shaidar Gidan Tudun Wada

Tun da aka sa wa gidaje murya, dillali ba ya rubuta tarihin aikinsa. Gidajen da ya yi dillancinsu ne ke ba da shaida a shafinsa.

Ranar da Baba ya je neman aikin dillanci a sabon kamfani, na raka shi. Manajar ta kunna shaidar farko.

"Kada ku ɗauke shi," in ji wani gida na Tudun Wada. "Kowa ya kawo, sai ya nuna masa inda nake yoyo."

Manajar ta dubi Baba. "Malam Tsalha, a goge? Irin wannan kan hana aiki."

Baba ya gyara hula. "Hajiya, a ɗora shi a sama."

Ta rage murya don kada bango ya ji. "Fara gobe. Gidan da zan saya za ka soma dubawa."