Bakin Mai Ƙaho Ya Ƙaura

Mai Ƙaho ya fara tsoron bakinsa ne ranar da ya ɗaga ƙaho a ɗakin gwajin kiɗa, ya hura, sai wani sauti ya fito kamar an taka akuya. Mai ganga ya ajiye sanduna ya tambaya ko ƙahon ne ya kamu da mura. Aka yi dariya, shi ma ya taya su. Tun yana saurayi yake busa a wannan ƙungiyar makaɗan fareti, ya san inda bakin ƙahon ke zama a leɓensa kamar yadda ya san hanyar gidansa. Yau ya nemi wurin ya rasa.

Asalin maganar minshari ne, kuma ba irin na ban dariya ba. Numfashinsa kan ɗauke cikin barci, ya yi shiru har sai matarsa ta girgiza shi. Ita ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Bayan gwaji aka tura shi wurin likitar haƙora, ta auna bakinsa, ta haɗa masa wata roba da ake kwana da ita. Aikin robar ta turo muƙamuƙin ƙasa gaba kaɗan don hanyar numfashi ta buɗe. A jikinta akwai wani ɗan ƙarfe da ake murɗawa a ƙara turin.

Likitar ta ja masa kunne. Kada ya taɓa ƙarfen da kansa. Kowace safiya ya ciji wata 'yar roba ta daban don muƙamuƙin ya koma mazauninsa. Kuma ya riƙa dawowa ana duba haƙoran. Ya ce to, irin "to" ɗin da magidanci ke cewa yana laluben takalminsa.

Minshari ya tafi, gida ya yi daɗi. To, mutumin da ya ba hamsin baya, yana barci lafiya, me zai kai shi layin asibiti? 'Yar robar safe ta faɗa bayan gado, aka bar ta ta huta. In minsharin ya ɗan leƙo, sai ya ƙara wa ƙarfen murɗi ɗaya. A ganinsa, wanda ya tsufa yana saita ƙaho ba yarinyar likita ce za ta koya masa murɗa ƙarfe ba. Ciwon da yake tashi da shi a gindin kunne kuwa, ya ɗora wa sana'a. Wane mai busa ne bakinsa ba ya ciwo? Haka shekaru suka shige.

Bayan abin da ya faru a ɗakin gwaji ne ya fara lura. Nama ya daina taunuwa, sai dai ya yi ta yawo a baki. Ya kulle banɗaki ya tsaya gaban madubi yana haɗa haƙora, ya ga na ƙasa sun sha gaban na sama. Ga shi shugaban ƙungiya ya sanar cewa a babban faretin da ke tafe, Mai Ƙaho ne zai buɗe da busa, shi kaɗai, kamar kullum.

Sai ya yi wata dabarar. Ya ɓoye robar a aljihun tsohuwar riga, wai haƙoran su koma da kansu kafin ranar. Ba su koma ba. Numfashin ne ya koma ɗaukewa. Ya fara gyangyaɗi a motar haya, ƙaho a cinya, har ana wucewa da shi tasharsa.

"Baban yara," in ji matarsa, "ni ba zan koma gadin numfashinka ba. Sa takalmi mu tafi wurin matar nan."

Likitar ta saka wata siririyar takarda tsakanin turamen haƙoransa, ta ce ya cije iya ƙarfinsa. Ya cije har jijiyar wuyansa ta tashi. Ta zare takardar sumul, ko alamar haƙori babu. Ta juya robar a hannunta, ta ga ƙarfen ya kai ƙarshe, ta tambayi wanda ya murɗa. Ya dubi matarsa. Matar ta dubi fanka.

Likitar ta yi masa bayani a hankali. Haƙoran ne ke ɗauke da nauyin turin nan kowane dare. Da daɗewa sai na sama su kwanta ciki, na ƙasa su turo waje, muƙamuƙi ya saba da sabon zama. Da yana zuwa, da tun abin yana ɗan kaɗan an gani an sassauta. Yanzu za a ɗora shi kan na'urar da ke hura iska ta hanci lokacin barci saboda numfashin, don barinsa haka ganganci ne da rai.

"Haƙoran za su koma, likita?" Muryarsa ta yi ƙasa.

"Tauna za mu gyara, da wayar ɗaure haƙora da haƙuri. Busa kuwa, Malam, ba zan yi maka alkawari ba."

Ranar fareti wani ne ya buɗe da busa. Shugaba mutumin kirki ne, bai sallami Mai Ƙaho ba. Ya tsayar da shi a layin baya, ya miƙa masa farantan tagulla biyu da ake gwarawa, aikin da ake ba sabon shiga. Duk kuskuren da mai busar ya yi sai da Mai Ƙaho ya ji shi, leɓensa yana motsi shi kaɗai.

Jama'a, ɗaukewar numfashi cikin barci cuta ce, a nemi magani, kuma kada a yar da shi. Amma robar baki ba takalmi ba ce da za a saya a manta da mai shago. Kada ka murɗa da kanka, kada ka raina ciwon muƙamuƙi, ka koma wurin likita tun kana jin ƙalau.